Jim Hall: Tarihin makaɗin jita da faifansa na birnin Toronto

Jim Hall, wanda ya rasu a birnin New York ranar 10 ga watan Disamba na shekarar 2013 yana da shekara 83 da haihuwa, yana cikin makaɗan jita da suka fi yin tasiri a tarihin kiɗan jaz na ƙasar Amurka.

Ya shafe kusan shekara 60 yana kiɗa a bainar jama'a, inda ya yi aiki tare da mashahurai irin su Ella Fitzgerald da Sonny Rollins da Bill Evans da kuma Paul Desmond.

A cikin faya-fayan da ya fitar da sunansa, ɗaya daga cikin waɗanda makaɗa da masu sharhi suka fi ambata shi ne Jim Hall Live!, wanda aka ɗauka a watan Yuni na shekarar 1975 a wani kulob da ke birnin Toronto na ƙasar Kanada.

Mutum uku ne kacal a kan dandamali a wannan karon: Hall yana kaɗa jita, Don Thompson yana kaɗa bas, wato ƙaton gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake tsayar da shi a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsu, sai kuma Terry Clarke a kan ganguna.

An yi faifan ne a lokacin da kasuwar kiɗa ta karkata ga jita mai ƙara da gudu. Shi kuwa Hall ya kafa sunansa a kan sauti mai taushi da kuma sauraron abokan kiɗansa, kuma a Toronto ne ya nuna cewa wannan salon yana iya riƙe dare guda cur ba tare da taimakon fiyano ko abin busa ba.

Tasowarsa

An haifi James Stanley Hall ranar 4 ga watan Disamba na shekarar 1930 a birnin Buffalo da ke jihar New York, amma a birnin Cleveland na jihar Ohio ya taso, a irin gidajen da hukuma ke gina wa masu ƙaramin ƙarfi.

Mahaifiyarsa, wadda ita ma takan kaɗa fiyano, ita ce ta ba shi jitarsa ta farko a matsayin kyautar Kirsimeti yana da kimanin shekara 10.

Yana ɗan shekara 13 ya ji kiɗan Charlie Christian a wani faifan Benny Goodman, lamarin da ya sha faɗa cewa shi ne ya sauya masa alkibla.

Kafin zamanin Christian, aikin jita a rukunin jaz galibi bai wuce riƙe bugu daga baya ba, domin sautinta ba ya iya ratsa ƙarar kayan busa. Da aka soma haɗa ta da na'urar ƙara sauti a shekarun 1930, sai Christian, wanda ya shiga rukunin Goodman a shekarar 1939, ya riƙa jero sautuka ɗaya bayan ɗaya da ita tamkar mabushin saksofon.

Christian ya rasu a shekarar 1942 sakamakon cutar tarin fuka yana da shekara 25, amma kusan duk wani makaɗin jitar jaz da ya biyo bayansa daga gare shi ya ɗora.

Baya ga Christian da Django Reinhardt, Hall ya ce ya fi koyi da mabusan saksofon irin su Lester Young da Coleman Hawkins da Ben Webster. Mabushi dole ne ya tsaya ya ja numfashi, saboda haka kiɗansa yakan zo gaɓa-gaɓa kamar zance. Hall ya ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta kan jita, duk da cewa mai jita babu abin da ke tilasta masa tsayawa.

Ya shiga Cibiyar Koyon Kiɗa ta Cleveland, inda ya karanci ƙa'idojin kiɗa da tsara shi a rubuce, ya kuma kammala digirinsa na farko a shekarar 1955. A can ne ya shaƙu da ayyukan marubutan kiɗa na Turai, musamman Bela Bartok ɗan ƙasar Hungary.

Rukunan da babu fiyano

A shekarar 1955 ɗin ce ya koma birnin Los Angeles, inda ya yi karatun jitar gargajiyar Turai a wurin Vicente Gomez, kana ya shiga rukunin mutum biyar na makaɗin ganga Chico Hamilton.

Rukunin Hamilton ya fita daban da na zamaninsa, domin babu fiyano a cikinsa, kuma akwai celo, wato wani nau'in babban goge, a hannun Fred Katz, sannan Buddy Collette yana busa sarewa da saksofon.

Rashin fiyano ya sa nauyin haɗin sauti ya hau kan jita. Haɗin sauti shi ne sautuka uku ko huɗu ko fiye da ake kaɗawa a lokaci guda, waɗanda suke zama shimfiɗar da karin waƙa ke tafiya a kanta.

Daga ƙarshen shekarar 1956 zuwa 1959 Hall ya yi aiki da Jimmy Giuffre, mabushin kilarinet da saksofon, a wani rukuni na mutum uku da babu fiyano kuma babu ganga.

Da farko na ukunsu mai bas ne, Ralph Pena, amma a shekarar 1958 sai Giuffre ya kawo mabushin torombon Bob Brookmeyer, ya zamana babu bas ma gaba ɗaya. A wannan tsarin jitar Hall ce ke riƙe bugu, ita ce ke shimfiɗa haɗin sauti, kuma wani lokaci ita ce murya ta uku da ke saƙa kari tare da kayan busan biyu.

Hall ya bayyana cewa Giuffre ba ya son jin ƙarar bugun tsirkiya a kan kowane sauti, saboda haka ya koyi fitar da sautuka da dama da yatsun hannunsa na hagu bayan bugu guda, domin jitar ta saje da busa.

Da wannan rukunin ne aka buɗe fim ɗin Jazz on a Summer's Day, wanda aka ɗauka a bikin kiɗan jaz na Newport a shekarar 1958.

Faifansa na farko da ya fita da sunansa, Jazz Guitar, ya fito ne a shekarar 1957 daga kamfanin Pacific Jazz, tare da Carl Perkins a kan fiyano da Red Mitchell a kan bas. Daga nan sai da ya yi shekara 12 kafin ya sake fitar da wani faifan a matsayin jagora shi kaɗai.

A shekarar 1960 yana cikin makaɗan da suka raka mawaƙiya Ella Fitzgerald zuwa birnin Berlin, inda aka ɗauki shahararren faifanta Ella in Berlin. Kazalika ya bi ta rangadi zuwa Kudancin Amurka, inda ya ji sabon kiɗan bosa noba na ƙasar Barazil tun kafin ya bazu a Amurka.

Shekarun New York

A farkon shekarun 1960 Hall ya zauna a birnin New York, kuma cikin ƙasa da shekara biyar ya shiga cikin wasu faya-fayai da har yanzu ake koyar da su a makarantun kiɗa.

Sonny Rollins, wanda ya janye daga fagen kiɗa a shekarar 1959 ya riƙa yin atisaye shi kaɗai a kan gadar Williamsburg, ya dawo a ƙarshen shekarar 1961, ya kuma zaɓi Hall a madadin mai fiyano.

Faifansu The Bridge, wanda aka ɗauka a farkon shekarar 1962, ya haɗa mabushi mai ƙarfin sauti da makaɗin jita mai sanyin hannu. Rollins baƙar fata ne, Hall farar fata, kuma sun yi aikin ne a lokacin da dokokin wariyar launin fata ke aiki a jihohin kudancin Amurka.

Rollins ya yi suna wajen ɗaukar ɗan guntun kari ya yi ta juya shi har ya gina dogon zance a kansa. Wannan dabara ta dace da abin da Hall ya karanta a Cleveland, kuma ta zama ginshiƙin kiɗansa har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar 1962 ɗin ce kuma ya yi faifan Undercurrent tare da makaɗin fiyano Bill Evans, su biyu kawai.

Fiyano da jita kayan kiɗa ne da sukan taka ƙafar juna, tunda kowannensu yana iya shimfiɗa haɗin sauti. Evans da Hall sun magance wannan ta hanyar karɓa-karɓa: idan ɗaya ya cika, ɗayan ya rage, idan ɗaya ya hau sama, ɗayan ya sauka. Sun sake yin irin wannan faifan a shekarar 1966, mai suna Intermodulation.

Har ila yau ya yi aiki da mabushi Art Farmer daga shekarar 1962 zuwa 1964 a rukunin mutum huɗu da babu fiyano, sannan ya yi jerin faya-fayai da Paul Desmond tsakanin shekarar 1959 da 1965, ciki har da Take Ten.

Ja da baya

Tsakiyar shekarun 1960 lokaci ne mai tsanani ga makaɗan jaz a Amurka. Matasa sun koma sauraron kiɗan rok, kulob-kulob da dama sun rufe, kuma makaɗa da yawa sun yi ƙaura zuwa Turai ko sun nemi aiki a gidajen talabijin.

Shi ma Hall yana fama da matsalar shan barasa, wadda ta sa ya ɗan dakatar da kiɗa a shekarar 1965 domin ya rabu da ita.

A shekarar ce ya auri matarsa Jane, wadda ƙwararriya ce a fannin nazarin halayyar ɗan Adam kuma takan rubuta waƙa, sannan ya karɓi aiki a rukunin makaɗan shirin talabijin na Merv Griffin, inda ya yi fiye da shekara uku.

Aikin ya ba shi albashi tabbatacce ya kuma nisanta shi da zaman kulob, amma kiɗa ne na rakiyar baƙi da cike gurbi tsakanin tallace-tallace. Mutumin da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Rollins da Evans ya kusa ɓacewa daga fagen da ya yi suna a cikinsa.

Ya soma dawowa ne da faifan It's Nice to Be With You, wanda aka ɗauka a Berlin a shekarar 1969 tare da Jimmy Woode a kan bas da Daniel Humair a kan ganguna. A shekarar 1972 kuma ya yi Alone Together tare da makaɗin bas Ron Carter, su biyu a gaban jama'a a wani kulob da ke New York.

A watan Afrilu na shekarar 1975 kamfanin CTI ya ɗauki faifan Concierto, wanda ya haɗa Hall da Paul Desmond da Chet Baker da Roland Hanna da Ron Carter da Steve Gadd. A cikinsa akwai kiɗan Concierto de Aranjuez na Joaquin Rodrigo ɗan ƙasar Sifaniya, wanda suka shafe kimanin minti 19 suna kaɗawa bisa tsarin da Don Sebesky ya yi.

Concierto aiki ne na ɗakin ɗaukar sauti, an tsara shi da kyau, kuma da manyan sunaye kewaye da Hall. Wata biyu bayan haka ya tafi Toronto, inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Wahalar rukunin mutum uku

Rukunin mutum uku mai jita ya bi matakai kafin ya kai ga tsarin da Hall ya yi amfani da shi.

A ƙarshen shekarun 1930 Nat King Cole ya kafa rukuninsa da fiyano da jita da bas, kuma makaɗa da dama sun kwaikwayi wannan tsari, ciki har da shi Hall a faifansa na farko. A shekarun 1950 aka sami tsarin jita da ogan da ganguna, irin wanda Wes Montgomery ya yi faifai da shi a shekarar 1959.

A duka tsare-tsaren biyu akwai mai yatsu goma da ke riƙe haɗin sauti, mai jita kuwa yana da 'yancin yin abin da ya ga dama a kai.

Tsari na uku, wato jita da bas da ganguna, shi ne mafi wuya ga mai jita. Barney Kessel ya gwada shi tare da Ray Brown da Shelly Manne a shekarar 1957, haka ma Kenny Burrell a kulob ɗin Village Vanguard a shekarar 1959.

Wahalar ita ce, jita tana da tsirkiya shida, kuma yatsu huɗu ne na hannun hagu ke danna su. Idan makaɗi yana jero kari, ba ya iya riƙe cikakken haɗin sauti a lokaci guda, saboda haka sai a sami gurabe da babu komai a cikinsu sai bas da ganga.

Makaɗa da yawa sukan ji tsoron waɗannan gurabe, su yi ta cika su da gudu. Hall ya bar su a buɗe, ya mai da su wurin da abokansa biyu za su yi magana.

Lokacin da ya yi hakan ma abin lura ne. Tun bayan Jimi Hendrix, wanda ya rasu a shekarar 1970, da faifan Bitches Brew na Miles Davis da ya fito a shekarar, da kuma rukunin Mahavishnu Orchestra da John McLaughlin ya kafa a shekarar 1971, jitar lantarki ta zama kayan ƙara da sauri a manyan dandamali. Hall yana da shekara 44, yana kaɗa tsofaffin waƙoƙi ta cikin ƙaramar na'urar ƙara sauti.

Dararen Bourbon Street

Bourbon Street kulob ne da a wancan lokacin yake kan titin Queen a birnin Toronto. Al'adarsa a lokacin ita ce ya gayyato shahararren makaɗi daga Amurka, a haɗa shi da makaɗan gida su raka shi na tsawon kwanakin da zai yi.

Irin wannan haɗi yakan zama na biyan buƙata kawai: baƙo yana gaba yana nuna gwaninta, 'yan gida suna baya suna riƙe masa bugu. Amma mutanen da Hall ya samu ba sababbin hannu ba ne.

Don Thompson, wanda aka haifa a shekarar 1940, da Terry Clarke, wanda aka haifa a shekarar 1944, dukansu daga lardin British Columbia suka fito, kuma sun daɗe suna kiɗa tare. Shekara 10 kafin nan sun kasance cikin rukunin mabushin saksofon John Handy, wanda aka ɗauki kiɗansa a bikin Monterey na shekarar 1965.

Bugu da ƙari Thompson gwani ne a kan fiyano, saboda haka ya san haɗin sauti ciki da waje. Idan Hall ya sauya shimfiɗar waƙa a tsakiyar tafiya, mai bas ɗin yakan gane inda aka nufa nan take ya bi shi, ko kuma shi ya ja shi zuwa wani wurin.

Thompson ɗin ne kuma ya ɗauki sautin da na'urarsa, yana yi yana kaɗa bas. Daga cikin abin da ya ɗauka aka zaɓi kiɗa biyar, masu tsawon kimanin minti 40 a haɗe, kamfanin Horizon ya fitar da su a ƙarƙashin kulawar John Snyder.

Ɗaukar sauti a gaban jama'a tana da haɗarinta. Babu damar tsayawa a sake, kuma duk abin da hannu ya yi ya shiga faifai, tare da motsin mutanen da ke zaune a ɗakin.

Abin da ke cikin faifan

Babu sabuwar waƙa ko guda a cikin biyar ɗin. Akwai Angel Eyes ta Matt Dennis, da 'Round Midnight ta Thelonious Monk, da Scrapple from the Apple ta Charlie Parker, da The Way You Look Tonight ta Jerome Kern, sai kuma I Hear a Rhapsody.

Duk waƙoƙi ne da kowane makaɗin jaz ya haddace, kuma wannan shi ne amfaninsu. A al'adar jaz, akan fara da kaɗa karin waƙar yadda aka san shi, sannan kowane makaɗi ya ƙirƙiri nasa karin nan take a kan shimfiɗar haɗin sautin waƙar, wadda galibi takan kasance gaɓa 32 da ke zagayowa, kafin a koma ga karin farko a rufe.

Tunda mai sauraro ya san waƙar, hankalinsa yakan koma ga abin da makaɗan ke yi da ita.

Abu na farko da kunne ke kamawa shi ne sautin jitar. Hall yakan rage kaifin sautin daga jikin jitar, har ya zama mai kauri da taushi, kusa da muryar mutum ko ta abin busa. Ya daɗe yana amfani da jita ƙirar Gibson ES-175, daga bisani ya koma wadda James D'Aquisto ya ƙera masa, a ƙarshe kuma wadda Roger Sadowsky ya yi da sunansa.

Na biyu shi ne yadda yake gina kari. Yakan ɗauki sautuka uku ko huɗu, ya maimaita su, ya ɗaga su sama, ya sauko da su, ya ja tsawonsu ko ya gutsure su, ta yadda mai sauraro zai iya bin zaren daga farko har ƙarshe.

Na uku shi ne yadda yake amfani da haɗin sauti. Maimakon ya danna tsirkiya biyar ko shida, yakan zaɓi sautuka biyu ko uku da suka isa su nuna inda waƙar take, ya jefa su a tsakanin gaɓoɓin karinsa, kamar mawaƙin da ke yi wa kansa amshi.

Idan Thompson ya karɓi gaba, Hall yakan sassauta ƙarar na'urarsa har a riƙa jin sautin katakon jitar da kansa, yana riƙe bugu a hankali a bayan bas. Clarke kuma yakan daidaita ƙarfin hannunsa da nasu, ya riƙa mayar da martani ga abin da ya ji maimakon ya tsaya a kan bugu guda.

Sakamakon haka shi ne, sau da yawa ba a iya cewa ga wanda ke jagora ga masu rakiya. Irin wannan tafiya tare ita ce Bill Evans ya shahara da ita a rukuninsa na fiyano tare da Scott LaFaro da Paul Motian, kafin rasuwar LaFaro a haɗarin mota a shekarar 1961. Hall da abokansa sun nuna cewa ana iya yin ta da jita.

Bayan Toronto

Haɗin da aka yi domin 'yan kwanaki ya zama rukuni na dindindin. A shekarar 1976 su ukun suka tafi ƙasar Japan, inda aka ɗauki faya-fayan Live in Tokyo da Jazz Impressions of Japan.

Sun sake haɗuwa a faifan Circles na shekarar 1981, kuma Clarke ya ci gaba da aiki da Hall har cikin faifan All Across the City na shekarar 1989.

Shi ma Paul Desmond a kulob ɗin Bourbon Street aka ɗauki wasu daga cikin faya-fayansa na ƙarshe a shekarar 1975, tare da Thompson da makaɗin jita ɗan Kanada Ed Bickert, wanda Hall ne ya ba Desmond shawarar ya neme shi.

Hall bai daina komawa ga tsarin mutum uku ba. A shekarar 1986 ya yi Jim Hall's Three tare da Steve LaSpina da Akira Tana, a shekarar 2004 kuma aka ɗauki Magic Meeting a Village Vanguard tare da Scott Colley da Lewis Nash.

Magic Meeting ya fito ne ta hannun ArtistShare, wani kamfani da ke tara kuɗin yin faifai kai tsaye daga masu sauraro ta intanet. Hall, wanda a lokacin ya haura shekara 70, yana cikin manyan makaɗan da suka fara rungumar wannan hanya.

Kamfanin ne kuma a shekarar 2012 ya fitar da ƙarin faifai uku daga sauran abin da Thompson ya ɗauka a Toronto, shekara 37 bayan an kaɗa shi. Waɗannan faya-fayai sun nuna cewa kiɗa biyar ɗin da aka sani wani yanki ne kawai na abin da rukunin ya riƙa yi dare bayan dare.

A shekarun 1990 ya mai da hankali ga rubuta kiɗa ga manyan rukunai masu goge da kayan busa, kamar yadda aka ji a faya-fayan Textures da By Arrangement da kamfanin Telarc ya fitar.

Almajirai da lambobin yabo

Tasirin Hall ya fi bayyana ne a hannun makaɗan jitar da suka taso a shekarun 1970, waɗanda yawancinsu sun girma da kiɗan rok kuma sautinsu bai yi kama da nasa ba.

Pat Metheny, wanda faifansa na farko Bright Size Life shi ma na jita da bas da ganguna ne, an kuma ɗauke shi a watan Disamba na shekarar 1975, ya sha ambaton Hall a matsayin wanda ya buɗe wa jitar jaz ta zamani hanya. Su biyun sun fitar da faifai tare a shekarar 1999.

Bill Frisell ya ɗauki darasi a wurinsa a farkon shekarun 1970, kuma sun yi faifan Hemispheres tare a shekarar 2008. John Scofield da John Abercrombie su ma sun lasafta shi cikin waɗanda suka yi koyi da su, sannan Peter Bernstein ya yi karatu a hannunsa a jami'ar New School da ke New York, inda Hall ya koyar.

A shekarar 1998 ya karɓi lambar yabo ta Jazzpar ta ƙasar Danmak. A shekarar 2004 Hukumar Tallafa wa Fasaha ta Ƙasa ta Amurka ta saka shi cikin jerin gwanayen jaz, wadda ita ce karramawa mafi girma da gwamnatin ƙasar ke yi wa makaɗan jaz. A shekarar 2006 kuma gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma ta fasaha da adabi.

Ya ci gaba da kiɗa har cikin shekarar da ya rasu. A bazarar 2013 ya hau dandamalin bikin Newport tare da matashin makaɗin jita Julian Lage, shekara 55 bayan bayyanarsa a can tare da Giuffre.

A watan Nuwamba na shekarar ya yi wasa a New York tare da Abercrombie da Bernstein. Makonni kaɗan bayan haka ya rasu cikin barci a gidansa da ke unguwar Greenwich Village, kwana shida bayan cikarsa shekara 83.